Dakuwar da Na Ba 'Yar Amerika

Abubuwa da yawa sun same ni a unguwarmu ta Nima waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma abin da ya faru a dogon hutun shekarar da ɗan kawuna ya zo daga Amerika da 'yarsa, wannan kam har ƙasa ta rufe idona yana nan tare da ni.

Takalminsa na fara gani. Ina tsugune a ƙofar gida ina wanke tukunya, sai ga farin kambas ya shigo lungunmu yana laluben busasshen wuri tsakanin ruwan wanke-wanke da kashin awaki. Na ɗaga kai a hankali. Farin yadi, baƙin tabarau, gemu a gyare, ga ƙamshin turare ya riga shi isowa. A bayansa wata 'yar yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba tana riƙe da gefen rigarsa tana kallon akuya kamar ta ga zaki. Na ce a raina, shi ke nan, littafina ya fara.

Lokacin ina da shekara ashirin da biyu, ina koyon ɗinki a Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu. Duk abin da na samu wajen wani tsoho nake kaiwa a unguwar Tudu, mai kawo littattafan soyayya daga Kano. Ban taɓa taka Kano ba, amma na san yadda saurayi ke jingina da mota a can, na san yadda budurwa ke sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta. Na yi imani duk namijin da ya sauko daga jirgi da ƙamshi, jarumi ne. Yau in na tuna sai in ji kamar in koma baya in ɗauki tukunyar nan in kifa wa kaina.

A wurinmu wata na takwas lokacin 'yan boga ne, wato mutanenmu mazauna Turai da Amerika. Su suna kiransa samma. Mu a nan sanyi-sanyi ne da yayyafi, rana ma ba ta cika fitowa ba, amma haka za ka gan su da tabarau suna fifita, suna kukan zafi. Ɗan kawun nawa, wanda muke kira Yaya, ya fi shekara goma bai zo ba. Iyayensa sun rasu, don haka gidanmu ya sauke kayansa na tsaraba, mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ita ce ƙanwar babansa. Kafin ya sha ruwa labari ya zaga gidan cewa shi da matarsa sun rabu, kuma ya zo da niyyar duba 'yar gida mai tarbiyya. Matan gidan suka riƙa kallona suna ƙyafta ido. Ni kuwa har na zaɓi launin labulen ɗakina na Amerika.

Shi otal ya kama a cikin gari, mai na'urar sanyi. Yarinyar kuwa a ɗakinmu ya bar ta, wai don ta koyi Hausa ta san tushenta. Ya miƙa wa Mma akwatinta da wata 'yar jaka ja, da takarda wadda aka lulluɓe da roba.

"Uwarta ce ta haɗo," ya ce yana dariya. "Wai yarinya ba ta cin gyaɗa. In ta ci wai mutuwa za ta yi. Mma, kin taɓa jin jikar Nima da gyaɗa ta kashe?"

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Wata maƙwabciya ta ce, "To da miyar me za ta ci tuwo, da madara?" Wata ta ce boko ne ya yi wa uwar yawa, tana can tana so ta yi mulkin tukunyarmu daga ƙetaren teku. Ni ma na yi dariya, har na fi kowa, don ya ji muryata.

Mma ce kaɗai ba ta yi ba. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta miƙo mini tunda ba ta karatun boko. Ta ce, "Ban yarda ba, ban kuma ƙaryata ba. 'Yar mutane ce. Daga yau man ja za mu yi girki da shi har su tafi."

Takardar nan na karanta ta ya fi sau hamsin, kuma ba don kula da yarinya ba. A ƙasan hotunan da ke jikinta akwai 'yan layuka da uwar ta rubuta da hannunta, ni kuma ina neman halinta a cikin rubutun. A littattafaina tsohuwar matar jarumi kullum muguwa ce mai jan farce, ina so in tabbatar. Haka na haddace komai ba da niyya ba: in leɓe ya kumbura, in numfashi ya fara fito, a buɗe jaka ja, a ɗauko allura mai siffar biro, a cire murfi, a danna a gefen cinya ko ta kan riga ne, a riƙe, sannan a ruga asibiti.

Makonni uku na farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. 'Yar Amerika, kamar yadda yaran gidan suka sa mata, ta zama jelata. Ranar farko da na zuba mata ruwa da moɗa a banɗaki ta tsala ihu tana neman inda ruwa ke saukowa daga sama. Kwana uku bayan nan ita ke ƙwace moɗar tana watsa mini. Da safe mu je layin mai koko, tana rungume da kofinta, ta ce wa matar, "Ina kwana, a sa suga," abin da ta fara iyawa ke nan da Hausa. Ƙosai kuwa Mma ta hana a saya mata, don ba mu san man da aka soya shi da shi ba, sai ta riƙa soya mata nata a gida. Ta koyi fasa ledar ruwa da haƙori. Ta koyi korar akuyar da ta tsorata ta. In famfo ya kawo ruwa ta ɗauki ƙaramar jarka ta shiga layi da mu, ta dawo da rabin ruwan a rigarta. Na yi mata kitso, na sa mata lalle, na ɗinka mata riga da zane daga ragowar atamfar shago. Da rana in barci ya ɗauke ta, hannunta ɗaya yana cikin gashina.

Uban fa? Yakan leƙo da la'asar, ya ɗaga ta sama, a ɗauke su hoto, ya sauke ta, ya karkaɗe rigarsa. Daga nan sai dandalin samari a bakin titi, inda ake dafa shayi, ya zauna yana ba su labarin dusar ƙanƙara da manyan gadoji. Bai san ranar da ta yi zazzaɓi ba. Bai san tana tsoron ƙarar injin niƙa ba. Ni kuwa duk wannan ban gan shi a matsayin aibi ba. Na ce ai jarumi ne mai raunin zuciya, yana jiran wadda za ta warkar da shi. In ya ce mini, "Ƙanwata, kin iya riƙon yaro fa," sai in wuni ina ɗinka hannun riga a bai-bai.

Duk inda za mu, jaka ja tana kafaɗata. Umarnin Mma ne. Har ranar Larabar nan.

Al'adarmu ce in ɗa ya dawo daga tafiya mai nisa sai ya bi dangi gida-gida ya gaishe su, ya nuna musu abin da ya haifa. Kuma duk gidan da aka shiga sai an ba yaro wani abu ya sa a baki. Ba a cewa a'a. Tsohuwa ta miƙo wa jikarta abu ka ture hannunta, kamar ka ce mata mayya ce, maganar sai ta kai shekara tana yawo a unguwa. Yaya ya yi ta ɗaga ranar gaisuwar har Mma ta yi masa faɗa, sannan ya sa Laraba, ya ce in raka shi don in riƙe yarinyar.

Na yi kwalliyar da ban taɓa yi ba. Leshi ruwan hoda, ɗauri mai hawa biyu, takalmi mai tsini wanda na aro. Na ɗauko jaka ja zan rataya, sai ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Haba ƙanwata, kin yi kyau haka kamar amarya, kuma ki rataya jakar asibiti? Ajiye ta. Ina nan ai."

Ya ce amarya. Kalmar nan kaɗai na ji. Na mayar da jakar kan ƙusa a bayan ƙofa. Mma tana bayan gida tana shanya, ba ta gani ba.

Ya ajiye motar hayarsa a bakin babban titi, muka shiga lunguna da ƙafa. Gida biyu na farko lemo da biskit aka ba ta. Na uku shi ne gidan Kaka, can tsallaken babbar kwata ta ɓangaren Maamobi. Kaka ba ita ta haifi babansa ba, amma ita ta goyi Yaya yana jariri, kuma duk unguwar an san ta da dakuwa, ta fi shekara arba'in tana dakawa tana sayarwa. Tana ganinsa ta fashe da kuka, ta shafa fuskarsa, ta ɗora yarinyar a cinya tana kiranta kishiyarta kamar yadda kakanni ke yi. Sannan ta jawo faranti, ta zaɓi curi mafi girma.

"Ungo, 'yar nema. Ubanki da wannan ya girma. Har sata yake yi mini."

Na san abin da ke cikin dakuwa. Kowa ya sani: masara, gyaɗa, suga, ɗan yaji. Na buɗe baki na ce, "Kaka, ita fa an ce..."

Yaya ya katse ni. "Rabu da zancen Turawan nan. Sati uku tana cin abincin Nima, me ya same ta?" Bai san ko ɗigon man gyaɗa bai shiga tukunyarmu ba tun zuwanta. Ya juyo gare ni yana murmushin nan nasa. "Ba ta. A hannunki ta fi karɓa."

Kaka tana kallona, hannunta a miƙe. Shi yana kallona. Na ce a raina, yau yake gwada ni ya ga ko ni mai biyayya ce, ba irin waccan ba. Na karɓi dakuwar, na gutsura, na sa mata a baki da yatsuna. Ta tauna ta ce da daɗi. Na ƙara mata.

Ba a yi nisa da hira ba ta fara susar wuya. Na ce zafin yaji ne. Sai na ga leɓenta na sama ya tashi. Ta sauko daga cinyar Kaka ta zo ta kama zanena, ta ce, "Anti," muryarta ta dushe kamar ta tsoho. Idanunta suka fara shigewa cikin kumburi. Da ta ja numfashi sai na ji fito, siriri, irin wanda takardar ta faɗa.

"Yaya, jakar," na ce. "Tana gida."

Jarumina ya miƙe tsaye, ya lalubi aljihun dama, ya lalubi na hagu. Ya ce a kawo ruwa. Ya ce a kawo man ja. Ya ce, "Kada wanda ya kira uwarta." Sannan ya ce, "Bari in kawo mota," ya fita da sassarfa. Mota, a lungun da mutum biyu ba sa jerawa. Mota, ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, lokacin da titi ke cika da buhunan albasa da masu dako har mai keke sai ya sauka ya tura.

Kaka ta fara salati tana tofa wa yarinyar addu'a. Ni ban san lokacin da na fizge ɗaurina ba. Na sunkuya, Kaka ta ɗora mini ita a baya, na ɗaure ta da ɗaurin, na watsar da takalmin aro a tsakar gidan, na fita.

Lungunan nan a cikinsu aka haife ni. Na san gidan da in ka shiga ta gaba za ka ɓulla ta baya. Na ratsa tsakar gidan mutane suna tsakiyar cin abinci ban yi sallama ba. Na bi ta kan katakon da aka gitta a kwata, wanda ko a tsanake nake tsoron takawa. Wata mai tallan kifi ta zage ni da yaren Ga don na ture mata tire, ban waiga ba. Abin da nake saurara kawai shi ne fiton nan a bayan kunnena. Muddin ina jin sa tana da rai. Daf da lungunmu sai na ji ya yi ƙasa, kanta ya langaɓe a kafaɗata.

Na faɗa ɗaki na fizgo jakar har ƙusar ta fita. Mma ta kwance ta daga bayana ta shimfiɗe a tabarma, ba ta tambaye ni komai ba. Kaina ya san karatunsa. Na cire murfi, na danna a gefen cinyarta ta kan zanen da na ɗinka mata, na riƙe. Mma tana ta "Ya Latifu, Ya Latifu." Ban san tsawon lokacin ba. Sai yarinyar ta ja wani dogon numfashi kamar wadda aka tsamo daga rijiya, ta fashe da kuka. Ban taɓa jin sauti mai daɗin kukan nan ba.

Wani maƙwabcinmu mai babur ya kai mu asibiti, ni a baya ina rungume da ita, ƙafata ba takalmi tana zubar da jini ban ma sani ba. Likitar da ta karɓe ta ta tambayi wanda ya yi allurar. Na ce ni ce. Ta ce da an ƙara 'yan mintoci da wani zancen ake yi. Kaka ta iso bayanmu tana haki, ta zauna a ƙasa bakin ƙofa ta ƙi hawa benci. Ita ban taɓa ganin laifinta ba. Abin da ta sani na ƙauna shi ta miƙa.

Yaya ya iso bayan fiye da awa guda. Cunkoso ya riƙe shi, in ji shi. Ya leƙa ya ga 'yarsa tana barci da robar iska a hanci, ya yi ajiyar zuciya, ya koma baranda ya kira uwar. Da Turanci yake magana, da ƙarfi, yana zaton nawa Turancin bai wuce na gaisuwa ba. Ina zaune taku uku daga inda yake, ana wanke mini ƙafa.

"Yarinyar da ke mana aiki a gidan ce ta ba ta a bayan idona," ya ce. "Kin san mutanen nan, ba sa jin magana. Na ja musu kunne tun ranar farko. Allah ne ya sa ina kusa."

Yarinyar da ke mana aiki. Na dubi leshina ruwan hoda, ya sha laka da majina. Na dube shi yana safa da marwa da waya a kunne, tsaf da shi, ko gumi babu. A littattafaina wannan ne wurin da budurwa ke zubar da hawaye masu zafi. Ni ko ɗigo ban yi ba. Wani irin sanyi ne ya sauko mini, kamar zazzaɓi ya sake ni.

Bayan kwana huɗu uwar ta sauka. Na shirya ganin muguwa mai jan farce. Sai ga wata 'yar siririyar mace da baƙin hijabi, idanunta sun faɗa don rashin barci, tana Hausar Kumasi. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Mma. Bayan ta gama rungumar 'yarta ta same ni a madafa.

"Ke kika yi mata allurar?"

"Ni ce. Kuma ni na sa mata dakuwar a baki. Ni na bar jakar a gida." Na gaya mata komai, har da dalilin, duk da kunya kamar ta kashe ni.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Yarinyar ta gaya mini. Ta ce Baba ya ce a ba ta, Anti ta gudu da ita." Sannan ta ƙara da cewa, "Ni ma ina shekarunki na fara ganin ubanta. Ni har jirgi na bi shi."

Ta tafi da 'yarta a ƙarshen makon. A ƙofar gida yarinyar ta maƙale a wuyana ta ƙi saki sai da aka ɓamɓare ta. Shi kuwa, kafin ya koma, sai ga shi ya aiko wa Mma cewa yana so a ba shi ni. Mma ta tambaye ni a gaban ɗan aiken. Na ce a gaya masa 'yar aiki ta gode.

Ban daina karanta littattafaina ba, har yau ina saye. Amma na koyi abin da ba su koya mini ba. Na riƙa auna mutum da ƙamshinsa da zaƙin bakinsa, har na kusa kashe 'yar da ke barci da hannunta a gashina don wani ya ce mini amarya. Tun daga ranar, in an ba ni amanar yaro aka ce ga abin da ba ya ci, ba na neman dalili, ba na kuma jin kunyar kowa, ko wace tsohuwa ce ta miƙo. Namiji kuwa ba na yanke masa hukunci sai na ga inda ƙafarsa ke nufa ranar da abu ya ɓaci.

Yaya ya dawo Nima gaba ɗaya 'yan shekarun baya, ba wanda ya san takamaiman dalili. Ya yi tumbi, gemun ya yi fari. Kullum yana dandalin shayi. Bara ina wucewa da ɗana a hannu za mu makarantar allo, na ji muryarsa yana ba samari labari: yadda ya taɓa saɓa 'yarsa a kafaɗa ya keta kasuwar Laraba da gudu, ya tsallake kwata, ya soka mata allura da hannunsa. Samarin sun saki baki. Yana hango ni ya ɗaga hannu.

"Yauwa, ga ƙanwata nan, ku tambaye ta. Ai kina wurin, ko?"

Na tsaya na gaishe shi yadda ake gaida babban wa. Na ce, "Ina wurin, Yaya. Kai ne dai ban gani ba."

Na ja hannun ɗana muka wuce.